Shekarun Da Na Yi Kwance a Unguwar Dosa

Ciwon ya fara ne da zazzaɓi irin wanda kowa yake yi da damina. A lokacin ina aikin buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati da ke Doka, mu shida a ɗaki guda, kuma ni ake miƙa wa duk takardar da ake so da gaggawa, don hannuna yana da sauri kuma ban cika yin kuskure ba. Muna haya a Unguwar Dosa, gida mai sassa huɗu da famfo ɗaya a tsakar gida. Maigidana akawu ne a wata ma'aikatar daban. 'Ya'yanmu biyu, duk mata, babbar tana aji uku a firamare, ƙaramar kuwa shekarar aka sa ta. Ina da shekara talatin da ɗaya, a ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ke nan.

Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro, na yi ƙaiƙayin da ya saba sa ni, bayan mako guda zafin jikin ya sauka. Ranar Litinin na yi wanka na shirya na shiga bas. Ofishinmu a saman bene yake, matakalar da nake hawa da sassarfa in na makara. Ran nan na taka shida ko bakwai sai ƙafafuna suka ƙi ɗagawa. Ba jiri nake ji ba, numfashina ma lafiya lau. Cinyoyin ne kawai suka zama kamar na wata aka aro mini. Na zauna a nan kan matakalar da jakata a cinya, masu wucewa suna yi mini sannu, ina ce musu ragowar zazzaɓi ce. Ni ma abin da na ɗauka ke nan.

Ragowar ba ta tafi ba. Sai in yi barci isasshe amma in tashi kamar wadda ta wuni tana daka. Maƙogwarona kullum yana ciwo, ga kaluluwa a wuya da hammata, mura in ta tafi da mako biyu sai ta dawo, maruru ya fito nan ya warke ya fito can. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kaina. Ina kallon takardar da oga ya rubuta da hannu, na san kowace kalma, amma kafin ta baro idona ta iso yatsuna ta ɓace. Wata rana na buga wasiƙa na maimaita layi ɗaya sau uku ban sani ba. Shugabar ɗakinmu, wata dattijuwa mai gilashi da ta kusa ritaya, ta ja ni bayan kabad ɗin fayil ta tambaye ni a hankali ko ciki gare ni, ko kuwa wani abu ne yake damuna a gida. Na ce mata ko ɗaya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in je asibiti a duba ni da kyau, ita ta san abin da za ta gaya wa oga.

Asibiti kam na je, har katina ya cika aka liƙa masa wani. An gwada taifot, an gwada shawara, an ɗauki hoton ƙirjina don tarin fuka, an ɗebi jini har wurin allurar ya yi baƙi. Duk sakamakon da ya fito cewa yake lafiyata ƙalau. Wani likita matashi mai fara'a ya ɗaga takardar ya ce, "Malama, ai jininki ya fi nawa kyau." Duk da haka ya rubuta mini maganin ƙarin jini, ya ce in rage tunani, in riƙa motsa jiki. Da na fito na zauna a benci ina jiran ƙarfin da zai kai ni bakin titi, sai na ga hawaye yana ɗiga a kan takardar. Matar da ke kusa da ni ta yi ta ba ni haƙuri tana cewa in bar wa Allah, zan samu sauƙi. Ta zaci mugun labari aka gaya mini. Na kasa ce mata kukan an ce ba a ga komai ba nake yi.

Na bi maganar likitan. Kullum da la'asar sai in lallaɓa in je ƙarshen layinmu in dawo. A kwana na biyar maƙwabciyata ta sashen da ke kallon namu, wadda muke ɗasawa da ita ƙwarai, ita ta tallabo ni daga gindin wata darbejiya ta kawo ni gida. Daga nan na daina.

Inna, mahaifiyata, ta zo daga Zariya da galan ɗin rubutu da ƙullin sassaƙe da garin hayaƙi. Ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayata ko da gaske nake ba. Tana ganin yadda na riƙe cokali ta ce wannan ba 'yarta ba ce yadda ta san ta. Sai dai ita ta gama yanke hukunci cewa wata ce a ofis ta sa mini hannu saboda oga yana yabona. Ban yarda da haka ba, amma duk abin da ta ba ni na sha, saboda in ta gama tofi takan bar tafin hannunta a goshina na ɗan lokaci, kuma a kwanakin nan ba abin da nake jira kamar wannan. Wata guda ta yi ta koma, don Baba ya tsufa, ba mai kula da shi sai ita.

Yaya kuwa, wato yayar maigidana, tana Kawo, atamfa take sayarwa. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka maganarta tana da nauyi a gidanmu. Mace ce mai ƙarfin jiki, haihuwa tara ta yi, kuma tana gama wankan jego take komawa kasuwa. Ba ƙina take yi ba, ko yanzu zan faɗi haka. Ciwon da ba rauni ba kumburi ne ba ta san yadda za ta gan shi ba. Na sha jin tana ce wa ƙaninta matan ofis sun cika son jiki, ya daina biye mini, in na ga ba mai yi mini aikin zan tashi.

Sai ga auren ƙanin maigidana ya taso. Na ce ko da rarrafe sai na je. Kwana goma na yi ban taɓa komai ba ina tara ƙarfi. Ranar na yi lalle, na sa anko, na shafa hoda ta rufe zurmin idona. Na yi rabon abinci kusan awa biyu, na yi dariya, aka yi hoto da ni. Kowa ya gan ni sai ya ce alhamdu lillahi jiki ya yi kyau. Washegari na tashi da dama-dama, har na fara murna. A kwana na biyu na kasa ɗaga kaina daga matashi. Hasken taga yana sukar idona, ƙarar cokali a kwano tana shiga har ƙashina. Mako uku na yi sai an riƙe ni nake zuwa banɗaki. Ina cikin wannan hali aka wanko hotuna, Yaya ta zo da su har bakin gadona, ta zaro wanda nake tsaye kusa da amarya ina murmushi.

"Dubi nan," in ji ta. "Wannan ce marar lafiya? In biki ne ai kina iyawa."

Na so in ce mata bikin ne ya kwantar da ni, amma ni kaina a lokacin ban gane haka sosai ba. Wa zai yarda cewa tsayuwar awa biyu ranar Asabar ita ce ta kayar da mutum ranar Litinin? Na juya fuskata bango, ita kuma ta ɗauka kunya ce ta kama ni.

Maigidana mutum ne marar yawan magana. Ya koyi kunna risho, ya koyi dafa shinkafa da wake, shi yake kai yaran makaranta a kan basfarsa kafin ya wuce aiki. Bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Amma na lura ya fara tambayar jikina daga bakin ƙofa, da hularsa a hannu, kamar wanda ya zo dubiya gidan wani. Wata rana ya shigo ya zauna a gefen gado ya ce in taimaka in gaya masa daidai inda yake yi mini ciwo, don ya san abin da zai riƙa ce wa mutane. Na ce masa ko'ina ne, kuma in ya ce in nuna da yatsa ba zan iya ba. Ya gyaɗa kai, ya ɗan zauna, ya tashi.

Shekara ta biyu na rame sosai, don taunar abinci ma aiki ce. Bakina ya yi ƙuraje farare. Maigidana yana wurin aiki, sai Yaya ta raka ni wurin wani sabon likita. Ya duba maƙogwarona, ya taɓa kaluluwar wuyana, ya karanta tarin takarduna, ya ce shi a ganinsa garkuwar jikina ce ta yi rauni, shi ya sa kowace ƙaramar cuta take samuna. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma ni har daɗi na ji, don shi ne na farko da ya ce akwai wani abu. Ban kula da yadda Yaya ta yi shiru a cikin tasi ba.

Lokacin nan ne ake ta sanarwa a rediyo game da cuta mai karya garkuwar jiki, mutane kuma suna tsoronta fiye da komai. Ba na jin Yaya ta yi nufin ɓata ni. Daga baya na ji cewa wata ƙawarta ta tambaya a kasuwa ko abin da likita ya faɗa shi ne wanda ake faɗa a rediyo. Tambayar ce ta yi ta tafiya daga baki zuwa baki, kafin ta iso Unguwar Dosa ta zama labari.

Ba wanda ya zo ya gaya mini. A hankali na riƙa gani. Mai kitson da take zuwa mini gida duk mako biyu ta aiko cewa hannunta yana ciwo, kuma na jiyo muryarta a sashen maƙwabta tana yi musu. Modar da muke bari a bakin famfo kowa yana sha da ita aka ɗauke. Yaran gidan da suke shigowa kallon talabijin ɗinmu suka daina, in ɗaya ya manta ya nufo ƙofata sai in ji uwarsa ta ƙwala masa kira. Da azumi ya zo, maigidana ya sayo ƙosai mai yawa na sa babbar 'yata ta kai wa maƙwabciyata, wadda ta tallabo ni daga gindin darbejiya, kamar yadda muka saba musayar kwano duk shekara. Kwanon ya dawo a wanke tas, an zuba dabino a ciki. Da safe ƙaramar 'yata ta ce mini ta ga ƙosanmu a kwandon shara.

Duk wannan na shanye. Ranar da na kasa ita ce ranar da babbar ta dawo daga makaranta ba ta cire kayan makarantar ba, ta tsaya a ƙafar gadona ta ce, "Mama, mene ne kabari kusa?"

Na tambaye ta inda ta ji. Ta ce wata 'yar ajinsu ce ta ce mata wai shi nake da shi, kuma ta ƙi zama benci ɗaya da ita. Shekararta tara. Na ce mata sunan wani ciwo ne, kuma ba shi nake da shi ba. Ta ce to wanne nake da shi. Na ce likita bai gama dubawa ba. Ta ci gaba da tsayuwa tana murza bakin hijabinta, na ga alamar ta fi son a ce akwai sunan da za ta mayar wa yarinyar gobe.

Da maigidana ya dawo na gaya masa komai. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ashe shi ma ya lura a masallacin layinmu akwai masu miƙa masa 'yan yatsu kawai in za a gaisa, ya ɓoye mini. Washegari ya ɗauki hutu ya kai mu asibiti, ya ce a gwada mu duka biyu. A lokacin sai an aika jinin wani wuri, muka yi mako biyu muna jira. Na san ban aikata komai ba, na san shi ma haka, amma an yi mini allurai da yawa a wurare da yawa, kuma a kwanakin nan na kama kaina ina tunanin in ma ita ce, aƙalla zan san abin da zai kashe ni. Sakamako ya fito ba mu da ita, daga ni har shi.

Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba ya tafi Kawo. Ban san abin da ya gudana tsakaninsu ba. Bayan kwana biyu Yaya ta zo da farfesun kaza, ta zuba a kwano ɗaya ta ce mu ci tare, ta kuma bar labule a ɗage yadda duk mai wucewa tsakar gida zai gani. Ba ta ce in yafe mata ba, ba irin maganarta ba ce. Da za ta tafi ta ce, "Ni tambaya kawai na yi, Allah ya sani." Na ce na sani, Yaya. Maigidana ya nuna wa liman takardar, ya nuna wa mai gidan hayarmu. Amma takarda ba a bin gida gida da ita, kuma wanda ka nuna wa sai ya ce shi dama bai taɓa jin wata magana ba. Wasu sun dawo, modar ma ta dawo bakin famfo. Maƙwabciyata ta ci gaba da gaishe ni ta taga har suka tashi daga gidan, ba ta ƙara zama a kan tabarmata ba. Ina jin kunya ce ta hana ta daga baya, amma ni a wurina duk ɗaya ne.

A shekarar na bar aiki. Hutun rashin lafiya ya ƙare, an ƙara mini ya sake ƙarewa, aka tura ni gaban kwamitin likitoci, aka sallame ni. Shugabar ɗakinmu ce ta kawo mini takardar da kanta, tare da kofin shayina da silifas ɗin da nake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, duk a leda ɗaya. Ta ce an ba wata yarinya tafiretata, tana ta fama da harafin nan da yake maƙalewa. Muka yi dariya. Bayan ta tafi na tura ledar ƙarƙashin gado, ta fi shekara ban buɗe ba.

Daga nan kwanakina suka zama iri ɗaya. Ƙarfe bakwai da rabi basfa ta tashi da su ukun, gidan ya rage sai matan sauran sassan. Ina kwance ina jin su: wanke-wanke a famfo, faɗan yara, mai gwanjo ya yi sallama su fito su yi ta ciniki suna shewa. Taku goma ne tsakanina da su. Karatu ba na iyawa, layi biyu sai haruffan su cakuɗe. Rediyo in na kunna shirin gaishe-gaishe minti goma ya ishe ni, sai in kashe in ci gaba da kallon silin. Akwai wani tabon ruwa a kusurwarsa da na san duk lanƙwasarsa. Salla a zaune nake yi, wasu ranakun a kwance. An yi sunaye da bukukuwa da rasuwa a dangi ban je ba, da farko ana aiko mini da goro da alawa, daga baya aka daina gaya mini ma, wai don kada a tayar mini da hankali.

Da kaina na koyi rabon ƙarfina. In na yi wanka da safe, ba zancen girki ran nan. In ina son in yi hira da yaran bayan sun dawo, sai in wuni ban motsa ba. Kitson babbar kwana biyu yake ɗaukata, rabi yau rabi gobe, ta tafi makaranta da rabin kai a ƙarƙashin hijabi. Ƙaramar ba ta san ni da lafiya sosai ba, don haka abin bai dame ta ba, sai ta hau gado ta kwanta a bayana tana ba ni labarin wanda aka yi wa bulala. Babbar ce ta san uwar da ta rasa. Ta zama mai shiru, ba ta roƙona komai. Ranar da aka ba ta kyautar ta ɗaya a aji, ubanta ne ya je, ta dawo ta ajiye littafin kyautar a kan matashina ta fita.

A shekara ta huɗu wani abokin aikin maigidana ya ba shi labarin wata likita da ta dawo daga karatu a ƙasar waje, tana ganin marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti wajen Malali. Ban so zuwa ba, na gaji da a ce ba a ga komai ba. Ta bar ni na kwanta a gadon gwaji maimakon zama a kujera, ta yi kusan awa guda tana tambaya tana rubutu. Can sai ta ce, in na yi aikin da ya fi ƙarfina, a ranar nake jin jiki ko sai bayan kwana ɗaya ko biyu? Na ɗago kai na dube ta. Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ba ta labarin bikin, tana gyaɗa kai.

Ta ce ta ga masu irin wannan a inda ta yi karatu. Ta faɗi sunan da Turanci, ta ce ma'anarsa gajiya mai daɗewa wadda hutu ba ya kore ta, kuma sau da yawa bayan wani zazzaɓi take farawa, ana kuma zaton tana da alaƙa da rikicewar garkuwar jiki. Ta ce ba gwajin da yake nuna ta, ba kuma maganin da ta sani yana warkar da ita. Wasu suna samun sauƙi da shekaru, wasu ba sa samu. Sannan ta juya wurin maigidana ta ce, "Malam, matarka ba ta da lafiya. Ba son jiki ba ne, ba tunani ba ne. Kada kowa ya ƙara ce mata ta daure ta tashi, daurewar ce take ƙara kwantar da ita." Ya sunkuyar da kai, na ga yana share ido da babban yatsa.

Na yi murna, amma sunan ya yi mini ƙanƙanta. Gajiya dai, kalmar da kowa yake gaisuwa da ita. Shekara huɗu duk wanda ya leƙo ya ce ina gajiya sai in ce ba gajiya. Da na gaya wa Yaya abin da likita ta ce, sai ta ce to ai kowa ma a gajiye yake.

A zuwana na uku likitar ta ce akwai wata mata a Unguwar Sarki, tsohuwar malamar firamare, da take fama da irin nawa shekara shida. Ta ce ta tambaye ta ko za ta so a haɗa mu ta amince, saura ni. Ba mu da tarho, ita ma ba su da shi, kuma ba wadda za ta iya zuwa gidan wata. Sai muka koma wasiƙa. Mijinta tela ne, shagonsa yana kan hanyar maigidana ta zuwa aiki, a nan maigidana yake ajiye tawa ya karɓo tata.

Wasiƙarta ta farko a takardar littafin makaranta ta zo, layi biyar. Ta rubuta: "'Yar'uwa, an ce ke ma haka. Yau na yi wanka na wanke kaina, don haka wannan kaɗai zan iya rubutawa. Ke ma ƙarar cokali tana damunki?" Na karanta ta sau da yawa, duk da wahalar da karatu yake ba ni. Amsata kwana uku na yi ina rubuta ta.

Ba wasu manyan maganganu muke yi ba. Ita ta koya mini in sa kujera 'yar tsugunne a banɗaki, in riƙa yanka albasa a kwance a kan tabarma da faranti a gefena. Ni na gaya mata ta ɗaura baƙin ɗankwali a ido da rana in haske ya dame ta. Ta ba ni labarin yadda aka kai ta wurin masu ruƙiyya har sau uku, na ba ta labarin ƙosan azumi. Ba ta da 'ya'ya, ta ce wani lokaci tana gode wa Allah da hakan, wani lokaci kuma gidan yana yi mata faɗi. In mako uku ya wuce ba wasiƙa, na san jikin ya tashi, ba na jin haushi, ita ma haka.

Sau ɗaya muka haɗu. Muka shirya ta wasiƙa aka ba mu rana ɗaya a wurin likitar. Na same ta a bencin baranda, doguwa ce baƙa, siririya, da mayafi ruwan toka, ta jingina kanta da bango idonta a rufe. Ban tambayi kowa ba na san ita ce. Na zauna kusa da ita na yi sallama, ta buɗe ido ta yi murmushi ta kama hannuna. Zuwa asibitin ya riga ya cinye ƙarfinmu duka, don haka bayan gaisuwa ba mu yi wata hira ba. Ni ma na jingina da bangon na rufe ido. Mun kai rabin awa a haka, mazajenmu suna can gindin mangwaro suna zancen tsadar mai, har nas ta kira ta.

Kusan shekara biyu muka yi muna rubutu. Daga nan mijinta ya rasu bayan gajeriyar jinya, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita Katsina bayan ta gama takaba. Ban iya zuwa gaisuwa ba, maigidana ne ya je. Wasiƙa biyu ta aiko ta gidan waya ta ofishinsa. A ta biyun ta ce an ba ta ɗaki a gidan yayanta, mutanen kirki ne, amma sai ta sake bayani daga farko, kuma ba ta jin tana da ƙarfin hakan. Na rubuta mata sau huɗu bayan wannan, amsa ba ta zo ba.

Wajen tsakiyar shekarun casa'in jikina ya ɗan sassauta, ba don wani magani ba. Na fara yin girki a zaune, ina fita tsakar gida da hantsi, a wata sau ɗaya ina iya zuwa unguwa in na huta kafin da bayan. Ban koma yadda nake ba, ban kuma sake aikin ofis ba. Shekarar da maigidana ya je Katsina wani aiki na ba shi adireshin da ke bayan ambulan ɗinta. Ya samu layin, ya samu gidan, amma wasu mutane ne a ciki, sun ce masu gidan na da sun sayar sun tashi, ba su san inda suka koma ba. Ya dawo mini da wasiƙar da na ba shi ya kai mata, da kwalbar turaren da na haɗa da ita.